Yashi, rairayi ko gilashi zalla: me za a shimfiɗa wa kunamar ruwa a tanki?

Mai Sabon Tanki:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawara kafin in yi abin da zan zo ina cizon yatsa. Wata huɗu ke nan ina haɗa tankin gilashi a gidana a Kaduna saboda kunamar ruwa, kifin nan mai faffaɗan jiki da ƙari a wutsiya, irin ta Kudancin Amurka da ake kira motoro, mai ɗigo-ɗigon ruwan lemo a gadon baya. Tsawon tankin santimita 200, faɗi 90, tsayi 60, wato yana cin lita dubu da 'yan kai. Filta tana ƙasa a wani ƙaramin tanki, ruwa ya yi sati biyar yana zagayawa, na auna amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, ta sauka sifili. Kifayen biyu ne, mace da namiji, faɗin kowanne kamar santimita 14, in Allah ya yarda ƙarshen wata za su iso daga Legas.

Abin da ya rage shi ne ƙasan tankin. Ina da buhun tsakuwa mai launi da ta rage daga tsohon tankina. Maƙwabcina yana gini, ya ce in ɗebi yashi iya son raina. A bidiyo kuma ina ganin masu kiwo da yawa ba sa zuba komai, gilashi ne zalla. Wanne zan bi?

Alhajin Abuja:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka a kiwo. Tsakuwar nan ka cire ta daga lissafi tun yanzu, ka ba mai kifin gwal. Kunamar ruwa ba ta iyo a tsakiyar ruwa kamar sauran kifi, a kan cikinta take wuni take kwana, bakinta ma a ƙasa yake. Fatar cikin nan fara ce mai taushi, ba ɓawo a jikinta. Duk abin da ka shimfiɗa, a kansa za ta riƙa goga ciki dare da rana. Ga shi abinci yana faɗawa tsakanin tsakuwa, ita ba ta iya zaro shi, kai ma ba ka ganinsa, sai ya ruɓe a can.

Shekara bakwai ina riƙe da motoro, kuma abin da ya karɓe ni rairayi ne mai laushi, shimfiɗa siririya, kada ta wuce santimita biyu. Irin wanda ake zuba wa filtar wurin ninƙaya nake saya, masu kayan famfo da na tace ruwa suna da shi a buhu.

Ɗan Malesiya:
Alhaji, da girmamawa, ni ina ɓangaren gilashi zalla. Ina karatu a nan shekara ta uku, kuma na shiga wuraren masu hayayyafar kifin nan ba sau ɗaya ba. Waɗanda ke cin abinci da sana'ar, waɗanda kifi ɗaya a hannunsu ya fi kuɗin mota, mafi yawansu ba ƙwayar yashi ko ɗaya a tankunansu. Kuma kifayen suna ci, suna girma, suna haihuwa. Dabbar da ke cikin takura ba ta haihuwa a kai a kai.

Dalilinsu ruwa ne. Kifin nan yana ci kamar ba gobe, yana fitar da amoniya fiye da yadda girmansa ke nunawa, kuma shi ne na farko da amoniyar ke kayarwa. A kan gilashi kana ganin kashi da ragowar abinci nan take, ka sa tiyo ka zuƙe cikin minti biyu. Yayana Mai Sabon Tanki bai taɓa riƙe kifin nan ba. Sabon shiga ruwa ne ke kashe masa kifi, ba rashin shimfiɗa ba.

Injiniya:
Bari in sa baki ta fannin da na sani, don gini ne sana'ata. Ƙanina, kada ka taɓa yashin maƙwabcin nan. Mu magina da gangan muke neman yashi mai kaifi, mai kusurwa, saboda shi ne ke kama siminti. Abin da ya sa yake da kyau a bulo shi ne ya sa bai dace da cikin kifinka ba. Hausa ma ta raba su tun asali: yashi daban, rairayi daban. Ɗebi na tifar nan ka jiƙa, ka goga a cikin damtsenka inda fata take da laushi, za ka ga ya bar maka jan zane. Ka yi haka da rairayin da iska ta tara, za ka ji yana mirginawa ne kawai.

Abu na biyu, ba ka san ramin da aka haƙo shi ba. A nan Kano akwai yashin da ake ɗebowa ta wajen kogin Challawa, inda ruwan masana'antun jima yake gangarawa. A gini ba wanda ya damu. A tankin kifi kuwa magana ce babba. Sannan tifa ɗaya yau ta ɗauko yashi, gobe ta kwashe shara ko ɓaraguzan gini, ga baƙin mai yana ɗiga.

Mai Sabon Tanki:
Na gode Injiniya, na yafe yashin maƙwabci. To rairayin tudu fa, irin na wajen Yusufari a jihar Yobe? Ina da abokin aiki ɗan can, zai iya sa a aiko min.

Injiniya:
Ta wajen laushi ba abin da ya kai shi, iska ta gama goge ƙwayoyinsa, shi ya sa ma ba ya kama siminti. Matsalarsa ya cika ƙanƙanta. Kifin na kaɗa jiki zai tashi ya cika ruwa, ya bi ya shiga famfo ya cinye farfela. Kuma in ya kwanta yakan danƙare kamar an daɓe. Na filtar da Alhaji ya faɗa ƙwayarsa kusan rabin milimita ce, kuma an tankaɗe shi girma ɗaya, shi ya sa in ya tashi yake komawa ƙasa da wuri. Amma shi ma ka gwada a fata kafin ka biya, don wani daga niƙaƙƙen dutse ake yin sa, yana da kaifi.

Jikan Masunta:
Salamu alaikum. Ni ba ni da tanki, ɗana ne ya sa ni a zauren nan saboda tarwaɗa da nake kiwo a Jimeta. Amma da na ga an ce kunamar ruwa sai na kasa yin shiru, domin sunan nan ba don kifin Amurka aka raɗa shi ba. Muna da tamu a Binuwai. Kakana masunci ne, a bakin kogin nan na tashi.

Abin da na gani da idona shi ne, ba a samunta a kan dutse tana shanya jiki. A rairayin da ruwa bai da zurfi take kwanciya, ta kaɗa gefen jikinta sau biyu ko uku, rairayi ya rufe ta, sai idanu kawai. Kana tsaye a kanta ba ka gan ta ba. Shi ya sa tun muna yara aka koya mana in za mu ratsa ruwa mu riƙa jan ƙafa a ƙasa, kada mu ɗaga mu taka. In ka ja ƙafa ka taɓa gefenta, guduwa take. In ka taka bayanta, sai ta ɗago wutsiya. Na ga ƙaton mutum yana kuka da hawaye saboda harbinta, kuma ciwon ya yi watanni bai rufe ba.

Ɗana na Malesiya, ban musa abin da ka gani ba. Amma halittar da Allah ya yi wa ɓuya a rairayi, a ɗora ta a kan gilashi tsirara, zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Malamar Biyoloji:
Baba, Allah ya ƙara girma, ka kawo abin da yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Wadda kake magana masana sun sa mata suna garouaensis a 1962, daga sunan garin Garwa na Kamaru, domin a Binuwai ta can aka samo waɗanda aka yi nazari a kansu. Faɗinta yakan kai santimita 40, kuma tsutsotsin ƙwarin ruwa take ci. Danginta daban da na motoro, ita 'yar'uwar na teku ce, su kuma motoro zuriyarsu ta daɗe a kogunan Amazon da Orinoko da Parana har jikinsu ya daina riƙe sinadarin da na teku ke riƙewa don jure gishiri. Amma ginin jiki iri ɗaya ne, kuma nan nake so mu tsaya kaɗan.

Ku dubi bayan idonta, akwai ramuka biyu masu buɗewa da rufewa. Ta nan take jan ruwan numfashi, domin baki da matsefatan numfashinta suna ƙasa. Wannan tsari ne na dabbar da za ta binne kanta ta ci gaba da numfashi. Ku dubi yadda take kiwo kuma: takan kifa jikinta a kan wuri, ta hura ruwa ta baki, rairayi ya watse, abin da ke ɓoye ya fito. A kewayen bakinta akwai 'yan ƙananan ƙofofi da take jin motsin lantarkin jikin tsutsa da su, ko da ba ta ganinta. Duk wannan kayan aiki ne na tono. A kan gilashi za ta rayu, ba musu, amma rabin abin da aka halicce ta da shi zai zauna ba amfani.

Ɗan Malesiya:
Malama, na yarda da bayanin jiki. Amma ba duka ne 'yan rairayi ba. Leopoldi, baƙar nan mai fararen ɗigo, daga kogin Shingu na Barazil take, wuri ne mai duwatsu da ruwa mai gudu. To in hujjar ita ce a kwaikwayi gidansu na asali, ita sai a jera mata duwatsu ke nan? Tanki ba kogi ba ne. Kogi yana wanke rairayinsa da kansa kowace daƙiƙa. Lita dubu a falo ba mai wanke ta sai kai.

Malamar Biyoloji:
Gaskiyarka a kan leopoldi, amma ko ita tsakanin duwatsun akwai faƙon yashi da take kwanciya. Kuma ɗan'uwanmu motoro zai kawo, jarirai ma. Ƙarama ta fi babba buƙatar maɓoya. In ta firgita, da an kunna fitila ko yaro ya buga gilashi, abu na farko da take yi shi ne nutsewa cikin rairayi. In babu, sai ta yi ta hawa bango tana zamewa. Wadda ke cikin firgici ba ta cin abinci, kuma ƙaramar kunamar ruwa ba ta da kitsen da za ta yi kwanaki da yunwa. Da ka ga ƙasusuwa biyu sun turo a gindin wutsiya, ko goshi ya lotsa tsakanin idanu, rama ta yi nisa.

Alhajin Abuja:
Bari in faɗi abin da ya same ni, don kada a ɗauka ina kare rairayi ido rufe. Shekarata ta biyu na zuba shi da kauri, ya kai santimita takwas, don ina son in dasa tsirrai kuma ina ganin za ta fi jin daɗin nutsewa. Watanni komai lafiya. Sai na yi tafiya, aka ɗauke wuta kwana biyu, janareta ya ƙi tashi. Da na dawo macen tana kwance gefen jikinta ya nannaɗe sama. Duk wanda ya san kifin nan ya san in gefe ya nannaɗe haka da wuya a dawo da shi. Na sa hannu na tona kusurwar baya, ƙasan rairayin ya yi baƙi, wari ya taso kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Washegari ta mutu. Shekara biyu ina ciyar da ita da hannuna, har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Abin da ya faru, kifin saman rairayi kawai yake juyawa. Can ƙasa, musamman kusurwa da ƙarƙashin itace, iska ba ta kaiwa, datti yana taruwa, ƙwayoyin da ba sa son iska suna aiki a kansa suna fitar da wannan gas mai wari, shi kuma guba ne. Da famfo ya tsaya, iskar ruwan ta ragu, wanda ke kwance a ƙasa shi ya fara shaƙa. Don haka ɗana na Malesiya bai yi ƙarya ba, rairayi yana kisa. Amma mai kauri ne ke kisa. Tun da na mayar da shi santimita ɗaya zuwa biyu ban sake jin warin nan ba, domin su da kansu suke juya shi har gilashi kullum.

Ɗan Malesiya:
Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma ka ga abin da nake tsoro ke nan. A nan wuta ba ta ɗaukewa, kuma duk da haka suna gudun yashi. Ina ga gida?

Alhajin Abuja:
Wutar gida hujja ce ta sayen famfon iska mai batir da haɗa filta da inbata, kuma wannan wajibi ne ko da shimfiɗa ko babu. Gilashi zalla ba zai ceci kifinka ba in ruwa ya tsaya kwana biyu.

Sannan shi ma gilashin yana da nasa. Na taɓa ware namiji a tankin jinya mara shimfiɗa na wata guda, cikinsa ya yi ja, musamman wajen ƙananan fikafikan baya da yake tura jiki da su. Gilashi yana yin yauƙi in ba a goge shi, a kan yauƙin nan yake kwana. Masu gonar da ka gani suna da ma'aikata masu gogewa kullum da canza ruwa da yawa. Mai zuwa ofis ya dawo magariba ba haka yake ba.

Ɗan Malesiya:
Jan ciki daga ruwa ne, Alhaji. Na ga masu jan ciki a kan yashi ma. In amoniya ta ɗaga ko nitiret, abin da filta ke mayar da amoniyar, ya taru, cikin ne ke fara nunawa.

Alhajin Abuja:
Yana zuwa ta nan, yana zuwa ta can. Nawa na auna ruwan, lafiya lau yake, kuma da na mayar da shi kan rairayi jan ya washe cikin kwanaki.

Maman 'Yan Biyu:
Ku yi haƙuri in katse ku. Ni kifin gwal kawai nake da su, amma maigidan ya fara maganar irin wannan, kuma ina da yara ƙanana. An ce ƙarin nata yana faɗuwa. To in ya faɗi cikin rairayi ya ɓuya, mai wanke tanki fa?

Malamar Biyoloji:
Tambaya mai kyau, Hajiya. Gaskiya ne, bayan 'yan watanni takan yar da tsohon ƙari, sabo ya riga ya tsiro a ƙarƙashinsa, shi ya sa wani lokaci za ki ga biyu a wutsiya ɗaya. Wanda ya faɗi yana nan da tsininsa da haƙoransa masu kallon baya kamar zarto. Don haka ba a cusa yatsu cikin rairayin a yamutsa, da tiyo ko sanda ake yi. Wannan ma wani dalili ne na shimfiɗa siririya, domin ƙarin ba ya samun wurin ɓuya, za ki hango shi ki ɗauke da hantsaki.

In tsautsayi ya sa ta harbi mutum, a tsoma wurin a ruwa mai zafi iya yadda fata za ta jure ba tare da ƙuna ba, wajen digiri 45, yana rage zafin dafin sosai. Daga nan sai asibiti, ko da an ji sauƙi, domin guntun ƙari yana iya karyewa a ciki kuma raunin yana saurin ruɓa. A gidan da ke da yara kuwa, murfi mai makulli.

Jikan Masunta:
Ruwan zafin nan haka ake yi a bakin kogi tun da. Amma ku ji, ba ta bin mutum. Shekarun da na yi ban taɓa jin ta harbi wanda bai taka ta ko ya kama ta a raga ba.

Mai Sabon Tanki:
Baba, to tunda muna da tamu, me zai hana in nemi ta Binuwai maimakon a yi ta kawowa daga wata duniya? Ai ta fi sabawa da ruwanmu.

Jikan Masunta:
A'a ɗana, ka bar ta inda take. Da ina yaro ba a rasa ta a raga. Yanzu sai masunci ya shekara bai ga ɗaya ba, yaran yanzu da yawa sunan kawai suka sani. Kogin ma ya canza, tun da aka gama madatsar Lagdo ta Kamaru a 1982 ruwa ba ya zuwa yadda ya saba, ga raga mai ƙananan ido ko'ina. In ka sa kuɗi a kanta, gobe za a shiga nemanta da gayya.

Malamar Biyoloji:
Maganar Baba ita ce. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta a jerin halittun da ke bakin ƙarewa. Su ma na Kudancin Amurka ba a sake suke ba. A taron CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin halittun da ke cikin haɗari, na Panama a Nuwamban 2022 an sa leopoldi da wasu 'yan'uwanta na Barazil cikin waɗanda ba a fitar da su sai da takardar izini. Ka tambayi mai kawo maka ko naka haifaffun tanki ne, sun fi saurin karɓar abinci kuma ba su cika zuwa da ƙwari a jiki ba. Kuma duk ranar da suka fi ƙarfinka, macen motoro tana kai rabin mita a faɗi, ka nemi mai karɓa, kada a kai su dam. A Singafo an samu motoro suna hayayyafa a tafkin Upper Seletar, kuma ba da ƙafarsu suka je ba.

Shugaban Zaure:
Jama'a mu dawo kan shimfiɗa, ɗan'uwanmu yana da ƙarshen wata a gabansa. Injiniya, yaya zai tantance buhu kafin ya zuba?

Injiniya:
Bayan gwajin fata, ya ɗebi cokali ɗaya a faranti ya ɗiga ruwan khal. In ya ji yana tsuwwa yana kumfa, akwai farar ƙasa ko niƙaƙƙen bawon katantanwa a ciki, zai riƙa narkewa yana ƙara wa ruwa nauyi, wato yawan ma'adinai a cikinsa. Farin yashin da ake sayarwa don tankin kifin teku duk haka yake, kada kyansa ya ruɗe shi. Ruwan burtsatse a wurare da yawa dama da nauyinsa yake fitowa, ba ya buƙatar ƙari. Sai ya ja maganaɗisu a ciki. In ya fito da baƙin gari manne, akwai ƙarfe. Wannan ya fi shafar baƙin yashin da ake kankare fenti da shi, wanda asalinsa kashin masana'anta ne. Yana da arha, yana da kyau a ido, amma kaifinsa kamar fasasshen kwalba, kuma wani yana ɗauke da tagulla.

Lissafin nawa zai saya: 200 sau 90 sau 2 ya ba da lita 36. Lita ɗaya ta busasshen yashi wajen kilo ɗaya da rabi ce, ka ga kilo 54. Buhu biyu masu kilo 25 sun ishe shi. Da zai yi kaurin da Alhaji ya yi da farko, ya haura kilo 200 a kan gilashin ƙasa, ban da ruwa.

Alhajin Abuja:
Maganar tagulla a riƙe ta da kyau, kifin nan ba ya jure ta ko kaɗan. Magungunan kifi da yawa na kasuwa suna da ita, a karanta kwalba kafin a ɗiga.

Wanki kuma kada ka yi ƙyuya. Rubu'in bokiti a lokaci guda, ka cusa tiyo har ƙasa, ka bar ruwa yana ambaliya kana juyawa, sai ya fito garau kamar na sha. Ba sabulu, ba omo. Bakin bututun da ke jan ruwa ka ɗaga shi sama da ƙasa sosai, a ɗakin farko na filta ka sa soso ya tare abin da ya tsallake. In akwai dutse ko itace, ka zaunar da shi a kan gilashi kafin ka zuba rairayi, don za su tone ƙarƙashinsa ya faɗo. Ni ma dai na kwashe nawa duka, filin ƙasa ya fi musu komai. Hita kuma ka sa ta a tankin filta ko ka yi mata keji, domin suna kwanciya a kanta su ƙone, kuma da hunturun Kaduna dole ka kunna ta, ruwan yana son zama tsakanin digiri 26 zuwa 28.

Launi ma ka yi tunani. A kan fari tas jikin motoro yakan kwaɗe, ɗigon ya dushe. A kan mai ruwan ƙasa launinta ya fi fitowa.

Ɗan Malesiya:
To ga abin da zan roƙa, tunda zaure ya karkata. Yayana, sati biyu na farko ka bar tankin ba komai. Ka ga da idonka kowanne yana ci, ka ga kalar kashinsu, in fari ne mai zare wataƙila akwai tsutsar ciki. Ka fenti ƙasan gilashin ta waje da baƙi ko ka shimfiɗa tayil mai santsi don kada su riƙa ganin haske daga ƙasa. In sun kama ci, sai ka zuba rairayinka.

Malamar Biyoloji:
Sati biyun farkon nan su ne lokacin da suka fi kowane firgita, sun sha hanya daga Legas a leda. A nan ne zan fi son su sami wurin ɓuya. Santimita ɗaya ba ya ɓoye kashi, a sama yake zama.

Mai Sabon Tanki:
In na zuba a rabi na bar rabi fa? Kowa ya samu nasa.

Alhajin Abuja:
Kafin gari ya waye sun baza shi ko'ina. Amma ba laifi, ka fara da buhu ɗaya, shi ne wajen santimita ɗaya. Ka riƙa ba su abinci a wuri guda ta gaba inda kake gani, yankakkiyar tana da jatan lande, abin da ya rage bayan kwata ɗin awa ka zuƙe. Tanar kuma daga ƙasar da ba a yi feshi ba.

Mai Sabon Tanki:
Salam 'yan zaure, na dawo da labari. Yau kwanansu goma sha biyu. Na samu rairayin filta mai ruwan ƙasa, buhun farko da aka nuna min ya karce ni a damtse na bar shi, na biyu ya wuce duk gwajin Injiniya. Wankinsa ya ci min Asabar guda. Buhu ɗaya na zuba.

Da na sake su, macen ko minti ɗaya ba ta yi ba ta kaɗa jiki ta nutse, sai idanu da ramukan nan biyu suna buɗewa suna rufewa, daidai yadda Baba ya faɗa. Na daɗe a tsugune ina kallo. Ta fara cin tana a daren farko. Namijin sai rana ta uku, kuma har yanzu ya fi ta hawa bango. Amoniya sifili, ina canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk sati. Abin da ya dame ni, sun share tsakiyar tankin tas har gilashi ya fito, sun tara rairayin a kusurwoyin baya ya yi tudu kamar yatsa huɗu. In ƙara buhu na biyu?

Alhajin Abuja:
Masha Allah. Kada ka ƙara tukuna. Kusurwar nan ita ce abin lura, duk ranar canjin ruwa ka sa tiyo ka tsotse ta har ƙasa, ka turo rairayin tsakiya da sanda. In ka juya bakin famfon da ke dawo da ruwa ya ɗan kalli bayan tanki, tudun zai ragu.

Ɗan Malesiya:
Barka Yayana, na ji daɗi da suka kama ci. Namijin nan ka sa masa ido, in macen tana rigansa ka riƙa ajiye masa nasa a ɗaya gefen. Kuma don Allah ka auna nitiret yau ka rubuta, ka sake aunawa bayan wata guda kafin canjin ruwa, ka kawo mana lambobin biyu. Ina so mu gani ko kusurwar tana tara wani abu.

Mai Sabon Tanki:
Na auna ɗazu, yana tsakanin 10 da 20. Na rubuta a jikin murfin filta da kwanan wata. Baba, na tura wa ɗanka bidiyon yadda take nutsewa, ya nuna maka.

Jikan Masunta:
Na gani, sau uku ya maimaita min. Tamu ta fi ta siririyar wutsiya kuma ba ta da ɗigo, amma kaɗawar iri ɗaya ce. Ka ɗauko min wani da safe lokacin da take hura rairayi tana neman abinci, akwai tsofaffi biyu a bakin kogi da nake so in nuna wa.